Kakan Ƙusa

Ba zan faɗi sunan surukina ba. Ya daɗe da rasuwa, ni ma furfura ta gama da ni, amma bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba, kuma alƙalamina ba zai fi bakina rashin kunya ba. Baba nake ce masa, Baba zan ce masa a nan.

Maƙeri ne, ɗan maƙeri. Kakanninsa sun taso daga yamma da niyyar hajji, suka yada zango a Gadarif, zangon ya zama gida. Da tarakta ta shigo ƙasar, manyan gonakin nan da ake kira mashru suka cinye dajin da iyayenmu suke kiwo, maƙera da yawa suka zauna suna kukan an daina sayen fartanya. Baba bai yi kuka ba. Ya nemo tsohon injin fiƙe ƙarfe, ya kafa shi a bayan kasuwa, ya koma yi wa taraktoci kayan gyara. A kasuwar Gadarif kayan gyara iri biyu ne: akwai asli, wato na kamfanin da ya ƙera injin, akwai tijari, wato na kwaikwayo mai araha. Baba yakan ce nasa iri na uku ne, asli yana gaishe shi da ladabi, tijari kuwa ko layinsa ba ya bi. Kuma ba cika baki kawai ba ne. Direbobi daga Fashaga har Gallabat suna tsallake shaguna su zo rumfarsa.

Lokacin da na je neman auren 'yarsa, ina ji da kaina sosai. Ina da aikin albashi, ina da keke, ina da agogo. Na ɗauka da na turo manya za a ce na kawo goro. Ina! Baba ya ɗora ƙanensa a kan lori cikin tsakiyar damina, ya tura shi Doka, garin iyayena, ya je ya binciko asalina: wane ne ubana, wane ne uban ubana, akwai hauka a gidan, akwai sata, akwai sakin mata barkatai. Lori ya kafe a laka, mutumin ya ƙarasa a kan jaki. Da mutane suka ce wa Baba wannan wahala ta yi yawa, ai ga yaron nan kowa yana ganinsa, sai ya ce, "Na ga yaron, ban ga kakansa ba." Maganar ta zaga unguwa, har yara suna tsokanata da ita. Sai da kaka ta yi aka ba ni mata.

Aikin albashin nan da nake tinƙaho da shi, tsaron sito ne a wani ƙaramin kamfanin feshi. Jirgi ɗaya gare mu, rawaya, mai farfela a hanci, kujera ɗaya tal. Filin tashinsa wani fegi ne da aka share a bayan gari, da rumfar kwano, da gangunan mai da na magani, da sitona. Matuƙin jirgin Bature ne daga wata ƙasa mai sanyi, ƙato, rana ta mayar da shi ja kamar gauta. Kankana ce abincinsa, kuma a duk Larabci kalma ɗaya ya iya, "tamam", wato "daidai". Ya liƙa hoton 'ya'yansa mata biyu a gaban kujerarsa, kullum kafin ya tashi sai ya shafa shi da babban yatsa.

Wanda ya koya mini aiki shi ne injiniyanmu, wani Balarabe siriri mai tabarau, mutumin da ko shayi aka kawo masa sai ya leƙa cikin kofin. Shi ya sa mini dokar da na rayu a kanta: duk abin da zai hau jikin jirgi sai an san inda ya fito. Wane kamfani ya narka ƙarfen, wa ya ƙera, wa ya gwada, ta hannun wa ya biyo. Kowane ɗan ƙarfe yana zuwa da 'yar shaidarsa ɗaure a jiki. In ba ta nan, ko ta saɓa da abin da ke cikin kwali, to akwai wani kejin waya da muka shafa wa jan fenti a kusurwar sito, nan ake kulle shi har a mayar wa mai shi. Kurkuku muke ce wa kejin. Na ɗaure kayan manyan 'yan kasuwar Hartum a ciki ba sau ɗaya ba, don akwai masu zuba tijari a kwalin asli su liƙe baki da kyau. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ni mutum ne mai baki, in ɗan kasuwa ya ɗaga murya sai in ɗaga tawa ta fi tasa. Har ta kai injiniya ya daina sake tambaya a kan abin da ya fito daga hannuna.

Mutum ɗaya ne a duniya bakin nan nawa yake mutuwa a gabansa. In na hango Baba a hanya, sauka nake yi daga keke tun daga nesa, in cire takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa. Ba na cin abinci inda yake, ba na zama tabarmar da yake kai. In ya ce rana daga yamma take fitowa, "Haka ne, Baba" zan ce. Larabawan wurin aikinmu suna yi mini dariya, su ba su san wannan irin kunya ba. Mu kuwa da ita muka zo daga yamma, kuma ita ce ba mu yar a hanya ba.

Shekarar da nake ba da labari damina ta yi kyau, dawa ta yi kai har tana sunkuyawa. Sai tsuntsaye suka zo. Janbaki, waɗanda Larabawa suke kira zarzur. Wanda bai gan su ba ba zai gane ba. Kamar hayaƙi suke tasowa, su sauka a gona, in sun tashi zangarniya ta koma tsintsiya. A ƙaramar gona akan sa yara da gwangwani da majajjawa, amma wa zai kaɗa wa mashru gwangwani, gonar da tarakta take yini ba ta kai ƙarshenta ba? Jirginmu ne kaɗai maganinsu, yakan bi su inda suke kwana ya yi musu feshi.

A daidai wannan lokaci injiniya, cikin dube-dubensa na safe, ya gano tsaga a jikin wata ƙusa. Ƙusa ce mai noti, kaurin babban yatsa, tsawon tafin hannu, ita take riƙe sandar da ta tokare fiffike. Tsagar kamar silin gashi, sai da madubin ƙara girma na gan ta. Ya ce jirgi ba zai tashi ba. Na juye sito, babu irinta. Aka buga waya Hartum, suka ce su ma babu, sai an aiko daga waje. Injiniya ya hau lori ya tafi Hartum ya tsaya a kansu, ya bar sallahu cewa in ƙusa ta riga shi isowa, na karɓa, makanikenmu ya ɗaura, jirgi ya tashi.

Masu mashru suka mayar da rumfarmu majalisa. Kullum suna nan da motocinsu, suna shan shayinmu suna zaginmu. Shi ma Baba yana da gonarsa a hanyar Doka, ba mashru ba, 'yar gona ce ta dawar feterita, amma ita take ciyar da gidansa shekara, har nawa gidan yana samun rabonsa in an yi girbi. Tsuntsaye sun fara taɓa ta. Wata safiya sai ga shi a filin jirgi, abin da bai taɓa yi ba. Na zube na gaishe shi. Bai dube ni ba, ya ce wa iska a kawo masa ƙusar da ta lalace ya gani. Na kawo da hannu biyu. Ya juya ta, ya auna ta da abin awonsa, ya ƙwanƙwasa ta a haƙori, ya ce, "Wannan ce ta zaunar da gari?" Ya ajiye ya tafi.

Washegari ya dawo, masu mashru da direbobi suna biye da shi kamar ɗaurin aure. Ya zaro farin hankici daga aljihu ya warware. Wallahi ƙusar nan ta yi kyau. Na auna ta ko'ina, ba ta saɓa ba ko kaɗan, noti ya hau ta sumul, har ta fi ta kamfani sheƙi. Aka yi ta kabbara. Wani mai mashru, mai ƙaton rawani, ya ja ni gefe ya ce, "Ya zol, sa ta a kwalin asli, halas. Wa zai sani? Baturen nan tamam zai ce."

Gaskiya ya faɗa, babu wanda zai sani. Makanike abin da na miƙa masa zai ɗaura. Matuƙi yana can gindin rumfa yana fama da kankana, yana yi mana murmushi, ya ɗauka kaya ne suka iso daga Hartum. Ni kaɗai na san ban san ƙarfen nan ba. Baba daga tarin tsofaffin ƙarafa yake zaɓar abin aikinsa, kuma ƙarfe yakan ɓoye gajiyarsa a ciki inda ido ba ya kaiwa. In ƙusar tarakta ta karye, direba ya sauko ya yi zagi ya sha ruwa. In wannan ta karye, babu inda mutum zai sauka.

To amma yaya zan ce wa Baba a'a? Kalmar ba ta cikin abin da na taɓa faɗa masa.  Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma." Na karɓi ƙusar da hannu biyu, na ja da baya cikin ladabi, na shiga sito, na buɗe jan keji, na kwantar da ita a kan hankicinta, na datse kwaɗo. Ƙofar sito a buɗe take, kowa ya gani.

Baba ya tambaya, wannan jan akwati na mene ne. Da ma a ce kowa ya yi shiru. Wani direba mai shegen baki ya ce, "Usta, kurkuku ke nan. Nan suke ɗaure tijari."

Ban ɗaga kai ba, ƙafafunsa kawai na gani sun juya. Masu mashru suka yi mini ca, har mai rawanin ya ce zai sa a kore ni. Su kam ban ji su ba, na rama iya ramawa, don bakina ya dawo da zarar Baba ya bar wurin. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na kunyata mutumin da ya ba ni 'yarsa, a gaban mutanen da suke kiransa Usta, wato gwanin gwanaye.

Labari ya riga ni isa gida. Matata tana toya kisra, wainar dawa mai faɗi, ba ta ɗago ba ta ce, "An ce ka ɗaure Baba." Na ce ƙusa na ɗaure. Ta ce, "A wurinsa duk ɗaya ne." Daga ranar, in na gaishe shi a hanya "lafiya" kawai yake cewa, guda ɗaya, busasshiya. Kwanon miyar da surukata take aiko mana ranar Juma'a ya daina zuwa. Tsuntsaye kuwa ba su daina ba. Kullum da hantsi ina ganinsu suna wucewa ta kan filin jirgi sun nufi hanyar Doka, sai in ji kamar cikina suke ci.

Matata ce ta gaji. Wata la'asar ta yafa mayafi ta ce na tashi mu je. Muka tarar da Baba a rumfar gidansa a kan tabarma. Na durƙusa can bakin rumfa kusa da takalma, ita ta shige ciki ta ɗauko kayan jabana, wato gahawa, ta zauna tana soya bunnu, ƙwayar gahawar, kamar ba abin da ya kawo ta sai kofi.

Baba ya gyara zama. Can ya ce, yana duban katanga, "A tambayi ɗan nan, awon ƙusata ya saɓa?"

Na ce, "Bai saɓa ba, Baba."

"Noti ya ƙi hawa?"

"Ya hau, Baba."

"Ta fi tasu muni?"

"Ta fi tasu kyau, Baba."

"To me ta yi aka ɗaure ta?"

Nan na tsaya. Amsar tana bakina, kunya ta danne ta. Sai matata, tana fifita gawayi, ta ce, "Baba, ƙarfen da ka yi ta da shi, na mene ne?"

Ya ce, "Gindin lori. Ƙarfe kwayyis, babu irinsa."

"Wane lori?"

"Ina zan sani? A tari na tsinto shi."

"Ya yi hatsari ne, ko gobara ya yi, ko tsufa ya kashe shi?"

"Ke, wa yake tambayar lori abin da ya kashe shi?"

Ta zuba bunnu a turmi, ta ce a hankali, "To ai shi ke nan, Baba. Ya ga ƙusar, bai ga kakanta ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ji surukata ta ƙyalƙyale da dariya daga bayan zana, ta yi sauri ta mayar da ita tari.  Na saci kallon Baba ta gefen ido, na ga gemunsa yana motsi. Sai ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba, har yana dukan cinya. Ya ce, "'Yar nan, da sandata kika doke ni!" Ya goge ido, ya ce, har yanzu wa katanga, "Su ma ƙarafan jirgi binciken asali ake yi musu?" Na ce ƙwarai, har gidan da aka narka su ake zuwa a gani. Ya girgiza kai ya ce ashe Turawan nan suna da tarbiyya.

Dariya ba ta kori tsuntsu ba. Kafin ƙusa ta iso, sun ci kusan rabin gonarsa, kuma na san shekarar nan gidan Baba sun ci tuwo da lissafi. Bai taɓa ambata mini ba, ni kuwa ban taɓa mantawa ba.

Ranar da injiniya ya dawo da ƙusar, Baba ya zo filin jirgi da babbar riga. Ya karɓe ta ya jujjuya, ya ce gaskiya mummuna ce, wanda ya yi ta ba shi da hannu. Sannan ya ce wa injiniya, "To faɗa mini, 'yar gidan wa ce?" Injiniya ya gyara tabarau ya jero masa tun daga inda aka narka ƙarfen har zuwa wanda ya gwada ta. Baba yana gyaɗa kai kamar waliyyin amarya. Da aka gama ya ce, "To, a ɗaura." Da yamma, kafin jirgi ya tashi, matuƙi ya shafa hoton 'ya'yansa, ya ɗaga mana babban yatsa ya ce tamam, bai san komai a kan abin da ya wuce ba.

Daga baya injiniya ya je rumfar Baba da kansa, ya duba injinsa da yadda yake aiki, ya ba shi duk aikin ƙarfe na ƙasa: tsani, matokaran taya, mazaunin ganguna, amalanken magani. Sharaɗi ɗaya, sabon ƙarfe zai riƙa saye, kuma ya san wurin wa. Wannan sharaɗi masu sayar da ƙarfe na Gadarif suka sha wahalarsa. Baba ya koma ba ya sayen ko guntun waya sai ya tambayi kakanta. In sun hango shi sai su ce ga mai neman aure nan ya zo.

Ƙusarsa kuwa, doka ta ce abin da aka ɗaure a mayar wa mai shi. Na naɗe ta a hankicinta na kai masa bayan girbi, ina ɗari-ɗari. Ya karɓa, ya miƙa wa matarsa ya ce ta samu taɓaryar dakan citta. Ta kuwa dace da ɗan turmin jabana kamar don shi aka yi ta. Shekara da shekaru, duk lokacin da aka daka citta ina wurin, sai ya ce wa katanga, "A faɗa wa ɗan nan har yau ba ta karye ba." Matata ta ce, "Baba, turmi ba ya tashi sama." Yanzu taɓaryar tana gidana, kuma gaskiyarsa, har yau ba ta karye ba.

Amma ranar da na mayar masa da ita nake so in ƙarasa. Na ajiye, na yi sallama, na fara laluben takalmina. Sai na ji ya ce, "Zo nan." Ba katanga ya faɗa wa ba. Ya matsa gefe, ya buga tabarmar da tafin hannu. Na ce, "Nan ma ya isa, Baba." Ya sake bugawa. Na rarrafa na ɗosana a can gefen gefe, rabin jikina a ƙasa. Ya tsiyaya jabana a ɗan finjali da hannunsa ya miƙo mini, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na san shi.

Ya ce, "Ka ci mini rabin gona."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Da ka ɗaura ƙusar nan don jin kunyata, da na karɓe 'yata. Sha, kada ya huce."

Na sha. Ya ƙona mini harshe, ban nuna ba.